Kan Asparuh Ya Koyi Jamusanci

Wata tara Asparuh Genchev ya yi a Jamus yana jera kwalaye a wani ɗakin ajiyar kaya, ya dawo Ruse da rigar ruwa mai aljihu goma sha ɗaya da kuma sabon kai. Kan dai nasa ne na da, da sanƙonsa da jajayen kunnuwansa, sai dai ya sauya harshe. Duk wanda ya tashi a wannan gaɓa ta kogin Danube ya san idan mutum ya yarda da magana girgiza kai yake yi hagu da dama, idan kuma ya ƙi sai ya gyaɗa shi sama da ƙasa. Jamusawa nasu a juye yake. Asparuh ya ɗauko juyayyen ya zo da shi gida, ya ce shi ne na wayayyu, nan da shekara biyar duk Bulgariya za ta biyo shi. Matarsa Ginka tun makon farko ta daina duban kan, ta ce in yana da magana ya buɗe baki. Sauran mutanen gari kuwa ba wanda ya sanar da su an yi canji.

Abin da Jamus ba ta taɓa ba shi ne muryarsa. Asparuh yana cikin ƙungiyar mawaƙan tsofaffin ma'aikatan reluwe, maza ashirin da huɗu da ke bita ranakun Talata da Juma'a a zauren gidan karatun unguwarmu, inda nake kula da littattafai. Muryarsa tana da ƙarfi, tana kuma da ra'ayin kanta. Inda waƙa ta hau sai ta sauka, inda kowa ya yi shiru sai ta ƙara taku biyu. Bai Marin, dattijon da ya shekara talatin yana riƙe da sandar jagorantar waƙar ƙungiyar, ya yi ta matsar da shi baya har ya kai shi ƙarshen layin ƙarshe, jikin ƙofar ɗakin littattafai. Daga nan sai waje. Shekara uku Bai Marin yana roƙon kwamiti a sallame shi, kwamiti na cewa kunnensa ne ya tsufa, don su biyar ɗin ƙarar jirgi ta daɗe da cinye musu rabin ji. A bana dai sun gaji da ƙorafin, suka ce bayan bikin ashirin da huɗu ga Mayu za a kaɗa ƙuri'a a huta. Asparuh ya san ƙuri'ar na iya faɗawa ko'ina, kuma in aka fitar da shi daga ƙungiyar nan babu sauran wurin da ake tilasta wa mutane su saurare shi.

Sai ga dama ta zo. A watan Maris wani ma'aikacin gidan rediyo ya ɗauki waƙoƙin ƙungiyar guda goma sha biyu, a ranar da Asparuh yake wurin likitan haƙori, dacen da Bai Marin bai taɓa yin bayaninsa ba. Mutumin ya ajiye waƙoƙin a wata kwamfuta ta cikin layin unguwa, ya samu aiki a jirgin ruwa ya tafi. A shekarar 2003 unguwarmu duk a ɗaure take da wayoyi masu ruwan toka, daga rufin wannan bene zuwa na wancan, sama da igiyoyin shanya, kowa na jawo abin da yake so daga kwamfutar maƙwabcinsa. Kwamiti na son a jawo waƙoƙin a gasa faifai arba'in na baƙin biki. Mu nan ba ma cewa an kwafi faifai, gasa shi ake yi, kamar tattasai a kaka.

Gidan karatu yana da kwamfuta guda da wata gidauniya ta ba mu kyauta, ɗauke da Linux, manhajar nan da ba a saye kuma ba a sata, kowa na iya buɗe cikinta ya gani. Shekarar masu binciken manhajar sata suna zagaye, don haka kwamiti ya hana a sauya ta. Abu biyu ta rasa: katin sadarwa da zai haɗa ta da layin unguwa, da na'urar gasa faifai.

Bai Stamen, tsohon direban jirgi kuma shugaban kwamiti, ya fara cewa a kai aikin wa masu shago. Asparuh ya miƙe ya ce kunya ce ƙungiya mai mutum irinsa ta nemi taimako a waje, shi da Linux ɗaki ɗaya suka zauna a Dortmund. Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ya yi hayar ɗaki da wani mai gyaran lif wanda yake da shi a kwamfutarsa, kuma ya hana Asparuh ko goge mata ƙura.

"In ranar biki ta zo babu faifai fa?" in ji Bai Marin.

"In fita da ƙafata, ba sai an kaɗa ƙuri'a ba."

"In akwai?"

"Ka daina kai ƙarata, Bai Marin, ka kuma dawo da ni layin gaba."

Bai Marin ya dubi layin gaba kamar mai duban gidan da za a rushe, sannan ya miƙa hannu.

Ranar Litinin Asparuh ya tafi shagon Rumyana Peeva da ke bayan kasuwa. Rumyana ta shekara ashirin tana haɗa kwamfutoci a masana'antar gwamnati kafin a rufe ta, kuma a bangon shagonta akwai takarda da ta rubuta da hannu, jerin katunan da Linux ya san da zamansu. Takan gaya wa duk mai saye cewa sunan da ke jikin kwali ba komai ba ne, abin dubawa shi ne ɗan baƙin dutsen da ke tsakiyar katin da lambar da ke kansa, don kwali ɗaya suna ɗaya, na watan jiya ya yi aiki na wannan watan ya ƙi. Asparuh ya shiga da ƙudurin ba zai yi yawan magana ba, don a cewarsa a Jamus gwani da ido yake ciniki. Ya faɗi abu biyun da yake so, ya rufe baki, ya zuba hannu a aljihu biyu daga cikin goma sha ɗayan.

"Kafin ka zaɓa, maƙwabci," in ji Rumyana, tana nuna takardar bango, "Linux za ka sa wa?"

Asparuh ya lumshe ido ya gyaɗa kai a hankali, sau biyu.

"To, hutu," in ji ta. "Ɗauki duk wanda ya yi maka."

Ya ɗauki wannan a matsayin girmamawar gwani ga gwani. Ya wuce wani ɗan koren kati da ke kwance a leda ba ko kwali, ya zaɓi wanda ke cikin kwali mai ruwan zinariya da hoton damisa tana tsalle, da rubutun Jamusanci a gefe. Da ta ɗauko na'urar gasa faifai ta juya bayanta, ta ɗora farce a kan wani ɗan baƙin roba kamar ƙwayar shinkafa, ta tambaye shi ko akwai wata na'ura a kan faffaɗar igiyar da zai maƙala wannan. Akwai, rumbun kwamfutar ma a kanta yake. Asparuh ya sake gyaɗa kai. Rumyana ta ɗauke farcenta ta mayar da na'urar kwali yadda ta zo.

Ranar Talata ya gayyaci 'yan ƙungiya su zo awa ɗaya kafin bita su ga yadda ake aiki a Turai. Ya shimfiɗa farin tawul, ya jera sukundireba huɗu bisa tsawonsu, ya buɗe cikin kwamfutar, ya cusa katin, ya ɗaure na'urar, ya ce kowa ya ja baya taku ɗaya. Ya danna maɓalli. Kwamfutar da ta yi wata shida tana tashi ba gardama ta yi ƙara sau ɗaya, ta rubuta layi guda a baƙin allo cewa ba ta ga rumbunta ba.

Asparuh ya ce gaisuwa ce, haka Linux yake yi idan ya ga sabon kaya. Aka jira gaisuwar ta ƙare, ba ta ƙare ba. Sai ya ce wutar ɗakin ce ba ta da tsabta, kayan Jamus ba su saba da irin wutarmu ba. Tsofaffi huɗu suka ɗauki kwamfutar zuwa soket ɗin kan dandamali. Layin bai sauya ba. Suka sauka da ita ɗakin ƙasa inda masu rawa ke ajiye kayansu, nan ma haka. Daga nan aka tsallaka titi da ita zuwa gidan burodi, Asparuh a gaba riƙe da linzamin kwamfutar kamar mai jan akuya, don ya ce inda tanda ke ci nan wuta mai ƙarfi take. Mai burodi ta bar su suka jona, ta tsaya da hannu a ƙugu, ta ce soket ɗin nan shekara goma yana gasa burodin banitsa bai taɓa rubuta mata wasiƙa ba. Kwamfutar ta dawo gida da gari a hancinta.

A ƙarshe, don haushi, Asparuh ya fizge igiyar na'urar gasa faifai ya danna maɓalli. Kwamfutar ta tashi sumul.

"Kun gani," in ji shi, yana goge hannu da tawul.

"Mun gani," in ji Bai Stamen. "Awa biyu, ka gyara ta ta koma yadda ka same ta."

Ya mayar da igiyar, ta mutu. Ya cire, ta tashi. Sau shida ya yi haka, tsofaffi na ƙirgawa da murya ɗaya, abin da Bai Marin ya ce shi ne mafi daidaiton amo da ya ji daga bakinsu a wannan shekara.

Ranar Laraba ya ajiye na'urar gefe ya koma kan katin. An riga an jawo waya daga benen da ke kusa, ya jona ta, 'yar fitilar katin ta ƙi ko ƙiftawa. Ya buga wa mai gyaran lif waya har Dortmund, ya fito yana sanar da mu cewa abin ƙarami ne, katin yana buƙatar wata 'yar manhaja da za ta yi masa tafinta tsakaninsa da Linux. Bai Stamen, da ya mai da ɗakin littattafai wurin hirarsa a makon nan, ya ajiye jarida ya tambayi inda tafintan yake.

"A intanet."

"Da me ake shiga intanet ɗin?"

"Da katin."

"Katin da ke jiran tafinta."

"Ana iya kawo shi a faifai, Bai Stamen, ba ka gane ba ne."

"Wa zai gasa faifan?"

Asparuh ya dubi na'urar da ke kwance a kan tawul. Bai Stamen ya ce an taɓa yin irin wannan a zamaninsa, jirgin da zai kawo kwal tasha ya tsaya a hanya don babu kwal, ya ɗauki jaridarsa ya ci gaba. Ba wanda ya sani a lokacin cewa katin mai damisa ba shi da tafinta ko a intanet ko a wani wuri.

Ranar Alhamis Asparuh ya tashi da sabon bincike: laifin waya ne. Da hantsi ya hau rufin bene mai hawa takwas inda akwatin da ke raba layin unguwa yake, ya buɗe shi, ya ga wayoyi sha shida a cakuɗe, ya yi tsaki. A gefe akwai wata gajerar waya da aka rataya ta ajiya, kawunanta biyu na reto. Ya ce wannan shi ne rashin tsarin da ke hana ƙasar nan gaba, ya cusa kan farko a wani rami, ya cusa na biyun a ramin kusa da shi. Fitilun akwatin duka suka kama ƙiftawa da gudu lokaci guda. Ya tsaya yana sha'awar aikinsa. Daga baya mai kula da layin ya bayyana mana cewa saƙonni ne suka shiga zagaye a cikin wayar nan, su fita ta nan su dawo ta can, har suka cika layin, benaye biyar suka yanke. Yana tsaye iska ta buga ƙofar rufin ta kulle ta ciki.

Cikin minti goma baranda ta cika. Masu buga dara ta kwamfuta da mutanen garin Varna sun fito, mai kantin magani ya fito da farar rigarsa, sai Lelya Tsonka ta hawa na shida, wadda tun safe take jiran hoton jikarta da aka haifa a Valencia, hoton ya sauko daga sama har girar jaririyar ya tsaya. Ita ta hango sanƙo yana leƙe daga rufi.

"Asparuh, kai ne a can? Kai ka taɓa akwatin?"

Asparuh ya ga yawan idanu ya yanke shawarar yin ƙarya. Ya girgiza kai hagu da dama da dukan ƙarfinsa.

"To, aƙalla ya amsa laifinsa," in ji Lelya Tsonka ga baranda ta ƙasa. Ta sake ɗaga murya ta tambaye shi ko da gangan ya yi. Ya ƙara girgizawa har kunnuwansa na rawa. Mai kantin magani ya ce shekararsa hamsin bai taɓa ganin marar kunya mai gaskiya irin wannan ba. Aka yi shawara daga baranda zuwa baranda, aka amince cewa mai makullin rufi ya tafi cin abinci kuma ba a san inda yake ci ba. Awa biyu Asparuh ya yi a rana cikin rigar ruwa, yana daga sama yana yi musu bayanin yadda ake tsara waya a Dortmund, iska na kwashe rabin maganar. Da mai kula da layin ya zo, yatsa biyu ya sa ya zare gajerar wayar, hancin jaririya ya fara bayyana a hawa na shida.

Ranar Juma'a da safe Ginka ta zuba na'urar da katin a jakar cefane, ta sa mijinta gaba har shagon Rumyana. A shagon akwai masu saye uku, ba wanda ya fita da ya ga wanda ya shigo. Asparuh ya fara da cewa an sayar masa da kayan da ba su kai matsayin Linux ba.

"Linux?" in ji Rumyana. "Na tambaye ka, ka ce a'a."

"Na ce e."

"Ka yi haka." Ta gyaɗa kai.

"Shi ne e."

"A ina?"

"A duk inda aka ci gaba."

Rumyana ta dubi Ginka. Ginka ta ce tun da ya dawo kan nan Jamusanci yake yi, ita ta daɗe da daina sauraronsa. Rumyana ta zauna a kan kujera ta yi dariya marar sauti har ta cire tabarau. Da ta huce ta juya na'urar, ta nuna ɗan baƙin roban, ta ce idan na'ura biyu suna kan igiya ɗaya dole ɗaya ta zama uban gida ɗaya bara, wannan roban ne ke faɗin wane ne wane, shi kuwa ya haɗa uban gida biyu a igiya guda, kowanne na jiran ɗayan ya gaishe shi. Ta ari matsefatar gira daga jakar Ginka ta matsar da roban taki ɗaya. Aikin bai kai ƙirga uku ba. Ɗaya daga cikin masu sayen ya tambaya ko wannan ne abin da aka kai gidan burodi.

Asparuh ya ce shi ma abin da yake shirin yi ke nan, matsefata ce kawai ba shi da ita, ya fita ya tsaya a waje ya ba shagon gefe, yana nazarin sararin sama. Rumyana ta ɗauko ɗan koren katin nan marar kwali, wanda ke saman jerin da ke bango, ta ƙwanƙwasa gilashin ƙofa, ta ɗaga katin, ta nuna jakar cefane. Asparuh ya gani. A tsayuwar nan ya riga ya yi tunani, ya ga juyayyen kai ya jawo masa abin da ya isa, ya yanke shawarar komawa na gida nan take ba tare da sanarwa ba. Ya girgiza kai hagu da dama, wato e, a saka.

"Yanzu da wane harshe ya yi?" in ji Rumyana.

"Jamusanci," in ji Ginka. "Girman kai ne, ba ya so. Bar shi."

Rumyana ta mayar da katin aljihun tebur. Da azahar ta rufe shago ta hau motar ƙauyensu hutun kwana uku. Asparuh bai zazzage jakar ba sai a ɗakin littattafai: ga na'urar gasa faifai tana aiki kamar agogo, ga damisa, babu koren kati. Waƙoƙin gidan rediyo suna can tsallaken titi, a nisan da mutum zai iya jifa da takalmi, babu hanyar jawo su.

Da wani ne, da ya je ya roƙi maƙwabci mai kwamfuta. Amma bayan ranar Alhamis babu ƙofar da za ta buɗe masa a benaye biyar, kuma shi ma bai gwada ba. Ya je wurin wani mai gabatar da bikin aure ya aro ɗan makirufo irin na maƙalawa a kwala. Da yamma ana bitar ƙarshe. Ya jona makirufon a kwamfuta, ya jawo wayarsa ta ƙarƙashin ƙofa, ta kai daidai ƙarshen layin ƙarshe ta ƙare. Ya maƙala shi a kwalarsa. Na tambaye shi ko ba zai fi kyau a sa shi a tsakiya ba, ya ce makirufo na zamani shi ke neman waƙa da kansa. Ga sauran kuwa ya ce gwajin sauti ne kawai, su yi kamar ba ya nan. Suka yi waƙoƙi goma sha biyu cif.

Asabar tun da sassafe ya zauna gasawa. Faifai na fita da ɗumi yana zana masa kan jirgi da baƙin alƙalami. Kwamfutar ba ta da lasifika, don haka bai ji ko ɗaya ba. Na ce akwai rediyo mai cin faifai a ɗakin masu rawa, ya ce koren layin da ke nuna gashin a allo ya cika har ƙarshe, kuma gwani ba ya ɗanɗana miyarsa a gaban mutane.

Ƙarfe biyu zaure ya cika. An jera tebura da salatin tumatir da farin cuku, da gasasshen nama, da tulunan jan ruwan inabi. Ga matan 'yan ƙungiya, ga tsofaffin shugabannin tasha, ga wani wakili daga ofishin magajin gari, ga Lelya Tsonka da hoton jikarta cikakke a jaka. Ƙungiya ta yi waƙa huɗu aka tafa. Sai Asparuh ya fito da kwando yana bi tebur tebur, kowane baƙo ya miƙa masa faifai da hannu biyu yana ɗan rusunawa. Da ya gama ya je layin gaba ya tsaya kusa da Bai Marin, ya ce a ƙirga. Aka ƙirga, arba'in. Fuskar Bai Marin ta yi kamar ta wanda aka karanta wa sakamakon asibiti.

Bai Stamen ya ce a kawo rediyon masu rawa baƙi su ji, a kuma ƙure sautin don na baya.

Da farko numfashi aka ji, mai nauyi, kamar zugazugi. Sai wani ciki ya yi ƙugi. Daga can nesa, kamar jirgin da ya riga ya bar tasha, maza ashirin da uku suka ɗauki waƙa. Sannan Asparuh ya shigo. Ya cika zauren daga ƙasa har rufi, shi kaɗai, kowane kaucewa a fili, kowane taku biyun da yake ƙarawa bayan an yi shiru yana tsaye shi ɗaya a tsakiyar ɗaki. Wakilin magajin gari ya tsaya da cokali a hanya. Waƙar farko ta ƙare, aka ji ƙarar ɓare alewar tari, sai muryar Asparuh ƙasa-ƙasa amma tar:

"Dubi tsohon nan, yana kaɗa sanda kamar mai korar ƙuda daga kankana."

Asparuh ya nufi rediyon. Ginka ta riƙe masa gefen riga ba tare da ta dube shi ba. Waƙa ta biyu ta zo ta wuce, muryar ta sake dawowa ta ce Stamen kuwa shekara goma ke nan bai san wace waƙa ake yi ba, baki kawai yake buɗewa. Matar Bai Stamen ta ce wannan dai gaskiya ne. Daga nan ba wanda ya iya riƙe kansa, har mai kantin magani sai da aka ba shi ruwa.

Da aka kashe rediyon Asparuh ya gyara kwala ya ce alkawari dai faifai arba'in ne, ga su a hannun mutane, kuma waƙoƙin ƙungiya ne a ciki, goma sha biyu, ba wadda ta ɓace. Bai Stamen ya ce faifan ƙungiya aka ce, shi kuwa ya kasa kunne bai ga ƙungiyar ba. Ya juya wajen Bai Marin ya ce yau ce rana ta farko da ya ji mutumin nan sosai, ya roƙe shi ya yafe wa kwamiti.

Bai Marin ya ɗauki nasa faifan ya juya shi a haske.

"Shekara uku ina gaya musu abin da kunnena ke ji, suna cewa tsufa ne," in ji shi. "Asparuh, ɗana, yau ka gasa mini shaidu arba'in. Na gode."

Bai Stamen ya tambayi kwamiti wa ke son a sallami Asparuh, hannu biyar suka tashi tun kafin a gama tambaya.

Asparuh ya ɗauki kwandonsa ya sake bin tebura, wannan karon yana neman a mayar masa da kayansa. Lelya Tsonka ta tura nata cikin jaka ta danne da gwiwar hannu. Wakilin magajin gari ya ce nasa ya zama na ofis, sai an rubuto takarda. Matar Bai Stamen ta tambaya ko akwai ragi, tana da 'yar'uwa a Pleven. Ya zagaye zauren kaf, kwandon ya dawo yadda ya tafi.

A bakin ƙofa ya tsaya yana sa maɓallan rigar ruwansa, ya ce wa Ginka, da muryar da ta kai teburin ƙarshe:

"Arba'in a yini ɗaya, ko guda ba a dawo da shi ba. Nuna mini mawaƙin da ya taɓa yin haka a Ruse."